Motar da Ta Ƙi Mutuwa a Gabana

Makon jiya wani saurayi ya kawo mini mota a ɗaure da igiya, wata na jan ta. Ya ce sau uku tana mutuwa da shi tsakanin Alsawra da kasuwar Omdurman. Kafin in buɗe baki ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihu, ya ce ya riga ya jona ta, ta faɗa masa abin da ya lalace, ni dai in sa hannu in canza. Na ce masa tunda na'urar ta sani, me ya hana ta ɗauki sifana? Ya yi dariya, ya juya harshe zuwa Larabci kamar yadda yaran yanzu suke yi, ya ce, "Ya usta, ai aikinku ya zama sauƙi. Inji ke faɗa, ku kuna ɗaurewa." Usta shi ne abin da ake kiran babban bakanike a nan. Na bar shi yana latse-latsensa, na kai hannu kan batir na girgiza, sai kan ya juya a hannuna kamar murfin kwalba. Abin da ke kashe masa mota ke nan duk lokacin da ya faɗa rami.

Ba na jin haushin na'ura. Da ina da ita a zamanina da na yi murna. Haushina na ga masu cewa aikin nan sauƙi ne, ku samari da kuke zuwa ku cika mini benci kuna shan shayina, kuna ganin kanikanci bai wuce cire wannan a maƙala wancan ba. Canza abu kowa ya iya. Gano abin da za a canza shi ne aikin, kuma shi ne ya tsofar da ni.

Iyayena leburorin gonar auduga ne a Jazira. Na zo Omdurman gemu bai fito mini ba, aka danƙa ni ga Usta Haruna, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, suka tsaya a nan ba su ƙarasa ba. Shekara biyu bai bar ni na taɓa inji ba. Wanke noti a cikin kananzir, share warsha, wato garejinmu, da miƙo sifana, iyakar aikina ke nan. In na miƙo lamba sha uku a maimakon sha biyu, ba ya magana, jefo mini ita yake yi, ni kuma in koyi kaucewa. Ranar da ya fara koya mini da baki, abu ɗaya ya ce: mota abu uku take ci, mai da wuta da iska, in ta mutu to ɗaya ne aka hana ta. Ya ce kullum in fara da mafi arha, in tambaya ko akwai mai a tanki kafin in kwance ko noti ɗaya, domin ya taɓa ganin bakaniken da ya sauke kan inji a motar da mai ne kawai ya ƙare mata.

Kayan aikina har yau ba su cika jaka ɗaya ba. Sifanoni, filaya, doguwar sukudireba da nake ɗora bakinta a jikin inji in kara gindinta a kunne, waya mai ƙwan fitila a tsakiya don neman wuta, da sandar gora ta auna mai. Sai bakina. Da shi nake hura tiyon mai in ji ko ya toshe, da shi nake zuƙo mai in famfo ya yi gardama. Man da na haɗiye a rayuwata ya fi nonon da wasunku suka sha.

Yadda mota ta mutu, shi ke gaya maka abin da ya kashe ta. In ta fara tari, ta yi fizge-fizge, ƙarfinta ya ragu kafin ta tsaya, yunwar mai ce, ka bi hanyar mai daga tanki zuwa kabureta. In ta ɗauke lokaci guda kamar an hure aci-balbal, wuta ce, ka nemi wayar da ta saki ko kwantak da ya ƙone. In sai ta yi zafi take mutuwa, ta huta ta tashi, ka zargi kwayil ko famfon mai. In sai ka ɗaga ƙafa daga totur a mararraba take mutuwa, datti ne a kabureta. In fitilu sun dushe kafin ta tsaya, dinamo ne ko fambel ya saki. In kuwa allura ta hau sama tururi na fita, ka bar murfin lagireto ya huce, na san mutum biyu da fuskarsu ta saɓule saboda gaggawa. Duk wannan za ku haddace cikin yini ɗaya. Wahalar ita ce ba a gabanka motar take mutuwa ba, a gaban mai ita take mutuwa, shi kuma rabin labarin yake kawo maka.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mini mota tana baƙin hayaƙi, tana shaƙewa in an taka ta. Ya rantse ba abin da ya canza. Na buɗe gidan matatar iska, na tarar da ɓawon gyaɗa cike da shi har baki. Ashe ya koma ajiye motar a jikin sitonsa na gyaɗa, ɓeraye suka mai da ita ɗakin cin abinci. Na zube masa ɓawon a tafin hannu na ce ga abin da bai canza ba. Masu mota ba mugunta ke sa su ɓoye ba. Wani kunya ce, wani kuma bai san abin da ya gani yana da amfani ba.

Shekarun farko na mulkin soja su ne mafi muni da na gani a sana'ar nan. Mai ya koma sai da kati, layi ya miƙe daga gidan mai har ya sha kwana biyu, mutum ya yini a ciki don abin da bai cika jarka ba. Sababbin kayan gyara suka ɓace, sai na kwance daga matattun motoci. Mu shida ne a warsha. Usta Haruna ya rasu a farkon lokacin. Ɗaya ya tafi Libiya, biyu suka haye Saudiyya, na ƙarshen ya koma Jazira noma. Masu koyo ma suka daina zuwa, domin ana tare samari a kan titi a kwashe su horon soja, iyaye suka ɓoye 'ya'yansu a gida. Matata ta riga ta rasu kafin nan, 'yarmu ɗaya tana aure a Madani. Sai ni kaɗai a rumfar da aka gina don mutum shida. In sifana ta faɗi a hannuna, ƙarar takan daɗe kafin ta mutu.

Mutum ɗaya ya rage mini, Idirisu. Direban boksi ne, wato a-kori-kura da aka sa wa benci biyu da rufi a baya tana ɗaukar fasinja. Motar tasa ce, ya saye ta bayan shekaru yana tuƙa ta wasu. Kullum da hantsi, lokacin da mutanen ƙasar nan suke karya kumallo, zai faka a bakin warsha, ya shigo da burodi a hammata, ni kuma na riga na sayo ful, waken nan da ake dafawa a tulu. Kwano ɗaya muke ci. Shi mai surutu ne, ni ba ni da shi, sai abin ya yi daidai. Da shi kaɗai nake yin Hausa a yini. In ya tafi, sai Larabci da masu mota har gobe.

Wata safiya ya zo mini a ƙafa, ba burodi. An wayi gari ɓarayi sun zura tiyo sun zuƙe masa man da ya yi wa layin yini guda, sun kuma tafi da murfin tankin. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya dafe kai.

Na ce, "Tashi mu turo ta. Zan yi maka murfin da sai dai su ɗauke motar gaba ɗaya."

Yini na yi a kansa. Na samo guntun bututun ƙarfe mai kauri, na yanke, na yi masa walda, na sa masa kunne biyu da za a zura kwaɗo. Ina cikin aiki Idirisu ya ce, "Ya usta, in rana ta take nakan ji warin banzin, man nan, a bayan mota. Wannan ma ai asara ce. Ko ƙamshinsa ba na so ya fita." Na ce an gama. Na yanko robar cikin taya, na ninka biyu, na shimfiɗa a cikin murfin yadda in an ɗaure zai kame ƙam. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin hannuna. Ya rataya makullin a wuya da igiya kamar laya, kuma daga ranar ba wanda ya sake taɓa makullin nan sai shi. Ko ni da na ƙera murfin, in ana son duba mai, shi ke zuwa ya buɗe.

Wajen wata shida lafiya lau. Yana ɗan gajeren layinsa, Alsawra zuwa kasuwa, da ɗan man da kati ya ba shi. Sai ya yi sa'a aka ba shi dogon layi, daga Omdurman a haye gadar Shambat har Alhilla Kuku. Masu dogon layi ana ba su mai da yawa, sai ya zama sau biyu a mako yana cika tanki har wuya. Ranar da ya samu layin ya sayo nama aka zuba a kan ful. A satin ne motar ta fara mutuwa.

Karon farko wani direba ne ya biyo ya gaya mini boksin Idirisu ya tsaya a tsakiyar gada. Na ɗauki jaka na hau keke. Na tarar da motoci sun yi cinkoso a bayansa, ana ta hon, fasinjoji sun sauko suna fifita da hannu. Ya ce ta yi tari, ta yi fizge-fizge, ta mutu. Yunwar mai ke nan. Na ɗaga bonet, na cire tiyon da ke shiga kabureta, a bushe. Na ɗaga murya daga gaban mota, "Idirisu, akwai mai?" Ya zagaya baya, ya buɗe kwaɗonsa, ya zura sanda, ya amso, "Cike take, ya usta!" Na kwance matatar mai, na hure ta, na mayar, na ce ya tayar. Ta ɗan yi gardama, ta tashi. Na ce datti ne. Fasinjoji suka sa mini albarka, na koma ina jin kaina.

Bayan kwana uku ta sake. Bayan wasu ukun ta sake, har sau biyu a tafiya ɗaya. In ba na kusa, shi da kansa yakan yi abin da ya ga ina yi: ya duba mai, ya girgiza wayoyi, ya hura matatar mai, ta tashi. In ina kusa, duk abin da hannuna ya taɓa a ranar shi nake ɗora wa laifi. Na wanke kabureta sau uku. Na canza matatar mai. Na canza kwantak da kwayil, ko da yake zuciyata ta san ba wuta ba ce. Na sauke tanki na wanke shi da kananzir, na hura kowane tiyo har kaina ya yi ciwo. Da muka lura ranar da ya cika tanki ta fi mutuwa, sai muka ce ai ga amsa, man ne ake gauraya shi da ruwa ko kananzir, kamar yadda kowa ke faɗa a gari. Ya koma tace man da ƙyalle kafin ya zuba. Ta ci gaba da mutuwa. Na ce famfon mai ne ba ya son zafi. Sabon famfo a lokacin sai a bayan fage, kuma da tsada, matarsa Hajara ta cire awarwaron zinarenta aka sayar aka sayo. Na ɗaura shi da bismilla. Kwana biyu ta mutu a gaban gidan mai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta taɓa mutuwa a gabana ba. Na bar ta tana aiki a warsha daga azahar har la'asar, tana kaɗawa lafiya kamar keken ɗinki. Sau biyu na rufe warsha na zauna kusa da shi a gaba, muka yi Alhilla Kuku muka dawo, muka sake komawa, kunnena a kan inji, ko tari ba ta yi ba. Idirisu ya daki sitiyari ya ce, "Wallahi tsoronka take ji. Ka bar warsha ka zo ka zama kwandastana." Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

A tasha fasinjoji suka san ta. Suka sa mata suna Marigayiya. Sai layi ya zo kansa, mutane su noƙe su ce za su jira ta baya. 'Yan sandan hanya suka ce in ya sake toshe gada za su ja motar. Shugaban tasha ya kira shi gefe ya ce akwai masu jiran layin nan. Surukarsa ta ce baki ne, aka kawo malami ya yi tofi a ruwa aka yayyafa wa bonet. Ban hana ba. Ni da nawa ilmin me na tsinana?

Wata uku muna haka. Ran nan ya zo da hantsi, ya ajiye burodi, ya zauna, bai sa hannu a kwano ba.

Ya ce, "Ya usta, sayar da ita zan yi."

Na ce, "Ka ba ni mako ɗaya."

"Na ba ka wata uku." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. "Ƙanin Hajara da ke Jidda ya aiko, akwai aikin wankin mota. Yara huɗu ne, ya usta. Abu ɗaya nake so ka gaya mini tsakani da Allah. Motar nan za ta gyaru, ko ba za ta gyaru ba? In ka ce za ta gyaru, zan ƙara haƙuri."

Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Amma shekara ashirin ana kirana usta, kuma a duk layin ba wanda ya taɓa jin wannan kalma a bakina. Ban iya faɗinta ba. Sai na ce masa inji ne ya gaji, motar ta tsufa, ko an gyara nan can zai ɓalle. Na faɗa da muryar wanda ya sani. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kalas, shi ke nan, tunda kai ka faɗa." Sannan ya gutsuri burodi ya ci.

Da maganata ya je ya sayar. Duk wanda ya taya, sai ya gaya masa gaskiya, ustansa ya ce inji ya gaji, domin Idirisu ba ya cin haram. Aka saye ta a farashin gwangwani. Ya kai Hajara da yara wurin danginta a Jazira, shi kuma na raka shi da safe tashar motar Port Sudan, garin da zai hau jirgin ruwa. Ya rungume ni ya ce, "Malesh, na wahalar da kai a kan motar nan." Shi ne ma ke ba ni haƙuri. Washegari na je wurin mai ful, ya ɗaga ludayi ya dube ni ya ce, "Na mutum ɗaya?" Na ce na mutum ɗaya. A ƙasar nan ba a cin abinci a kaɗaice, ko baƙo ne ke wucewa sai ka kira shi. Na zauna a bakin warsha da kwanona ina duban titi ko zan ga wanda zan kira. Kaɗaici ya kama ni a lokacin fiye da ranar da aka binne Usta Haruna.

Bayan kamar mako uku, wata Juma'a da la'asar, titi ba kowa, wani dattijo ya leƙo warsha. Ya ce sunansa Haj Siddiƙ, yana fataucin albasa, motar da ya saya kwanan nan ta mutu a bayan layinmu, yanzu ya cika mata tanki. Na bi shi. Tun daga nesa na gane ta, an cire bencin baya an loda buhuna. Na ce, "Akwai mai?" Ya ce, "Duba da kanka," ya jefo mini makullai gaba ɗaya, har da na kwaɗon, igiyar wuyan Idirisu na nan a jiki. Karo na farko ke nan da na buɗe murfin nan da hannuna tun ranar da na ƙera shi.

Ya ƙi buɗuwa da farko, kamar ana riƙe da shi daga ciki. Na murɗa da ƙarfi. Sai tankin ya ja iska, fuuu, dogon numfashi irin na wanda aka tsamo daga ruwa, ƙarfen ƙasan tankin ya yi ɓum ya koma daidai. Na tsaya da murfin a hannu.

Ku da kuke cewa sauƙi, ga abin da ya faru. Kowane murfin tanki na motocin wancan zamani yana da ɗan rami kamar na allura. Famfo na jan mai daga tanki, iska na shiga ta ramin ta cike gurbin. In ba rami, famfo zai yi ta ja har tankin ya riƙe man ya hana shi, kamar ka kafa baki a kwalba kana zuƙa ba ka saki ba. Na san wannan tun ina wanke noti. Ni da hannuna na toshe hanyar da roba ninki biyu. Lokacin da yake gajeren layi da ɗan mai a gindin tanki, sauran duk iska ce, tana isarsa, kuma kullum yana buɗewa ya ƙara. Da ya fara cika tanki yana doguwar tafiya, ba sauran wurin iska, sai ta shaƙe. Duk lokacin da na yi kira daga gaba in ce akwai mai, shi kuma ya buɗe murfi, a nan take motar ke warkewa, ni kuma in ba matatar mai ko kwayil ladan. A warsha murfin a buɗe yake yini, muna ta zura sanda. Ranakun da na bi shi kuwa tankin rabi ne. Na zargi kowane ƙarfe a motar nan, ban da wanda ni na ƙera.

Na ɗauki ƙusa da guduma, na ɗora murfin a kan dutse, na buga sau biyu. Na mayar na ce ya tayar.

Haj Siddiƙ ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan. Ba za ta sake ba."

Ya karɓi murfin yana jujjuya shi. "Wane jahili ne ya yi wannan ba rami?"

Na ce, "Ni ne."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya sa hannu a aljihu na ce ya bari. Na tambaye shi ko zai mayar wa mai ita in an ba shi abin da ya biya. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ai ciniki ya faɗa," kuma da gaskiyarsa. Ko da ya yarda ma, abin da aka sayar da ita ya tafi a takardu da kuɗin jirgi.

Na yi kwanaki ina cewa ba sai Idirisu ya sani ba, me zai ƙara masa ban da baƙin ciki. Amma abin ya hana ni sakat. Ni da shi ba mai rubuta Hausa, in kuma na sa aka rubuta da Larabci, sai wani ya karanta masa, wato wani ya ji kafin shi. A lokacin kaset ake aikawa. Na ari rediyo mai ɗaukar magana, na ja ƙofar warsha da tsakar rana, na zauna a gabanta. Sau biyu ina gogewa, domin na ji ina ta zagaye-zagaye ina kare kaina. A na uku na faɗa masa tiryan-tiryan: inji bai gaji ba, ƙarya na yi don kada in ce ban sani ba, murfina ne, tankin iska yake ja in an buɗe, rami ɗaya na huda ta warke. Na ce ya yafe mini in zai iya. Na danƙa kaset ɗin ga wata gwaggon Hajara da za ta Umra.

Amsa ta yi wata takwas kafin ta zo. Na sake aro rediyon, na sake jan ƙofa. Muryarsa ta fito kamar yana zaune a kan tayar nan. Ya gai da ni, ya gai da mai ful, ya tambayi wa ya rasu wa ya haihu a Alsawra, ya ba ni labarin ɗakin da suke kwana su tara, da yadda sabulun wankin mota ya cinye masa hannu, da yadda ful ɗin Jidda ba shi da ɗanɗano. Fuska ɗaya ta kaset ta ƙare bai taɓo maganar ba. Na juya. Sai can wajen ƙarshe ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Batun da ka yi, ya usta, na ji. Sau uku na saurara. Wai wannan hucin da take yi in na buɗe? Ai kullum ina jin sa. Tun a kan gada, ranar farko. Ni na ɗauka alama ce aikinka ya yi kyau, ko iska ba ta shiga. Har daɗi nake ji in na ji shi. Da ka tambaye ni da na faɗa maka."

Kaset na ta juyawa. Ina jin ƙarar tiyon ruwa a bayansa, da wani yana kiran sa da Larabci ya zo ga mota ta shigo. Na ɗauka maganar ta ƙare, sai ya dawo.

"To. Haka Allah ya ƙaddara. Na yafe, ya usta. Ka ci abinci, kada ka zauna da yunwa don ba ni."

Bai dawo ba. A can ya yi sauran shekarunsa yana wanke motocin mutane, a can aka binne shi. Wata uku amsar tana cikin kunnensa, taku biyar daga inda nake tsaye. Ni kuma ina gaban mota, kaina a cikin inji, ina ƙwala masa tambaya ɗaya. Ko sau ɗaya ban zagaya baya na ce, Idirisu, me kake ji in ka buɗe ba.